Taliyar Wake da Jinyar Sa'ade

Da sunan Allah mai ba da lafiya nake farawa. Sunana Rabi, a Magariya nake aure, kuma duk unguwarmu an san ni da murza taliya. Ni ba gwanar rubutu ba ce, maigidana ne mushe, wato malamin makaranta, shi yake gyara mini inda na karkace. Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan, kwanan baya na je likita, wato asibiti, na ga wata mata a layi riƙe da yaro, ciki tulele, ƙafafu kamar kara, tana tura masa biskit a baki don ya yi shiru. Na so in yi mata magana, kunya ta riƙe ni, na dawo gida na kasa cin abinci. To, ga maganar da ban yi mata ba.

Sa'ade ɗiyata ce ta uku, shekararta takwas lokacin da abin ya taso. Dama can ba ta da jiki, amma muna cewa ƙirarta ce. Ƴar taliya ce ta gaske. In na kafa inji a bakin tebur ina murzawa, tana gefe tana tarar silin tana shanyawa a igiya, gutsattsarin kuma duk nata ne. Safe taliya da mai da yaji, rana taliya, in aka tuƙa tuwo sai an yi faɗa da ita kafin ta kai loma.

Bayan kaka ne zawo ya kama ta. Ba irin zawon da muka sani ba, wannan fari-fari ne, mai maiƙo, da wari wanda ko an wanke wuri ba ya tafiya. Satin farko na ce masassara ce, na je kantin magani aka haɗo mini ƙwayoyi. Sati na biyu mai kantin ya ce tsutsar ciki ce, ya ƙaro wasu. Zawon bai ko rage ba. Cikin ya kumbura ya yi tauri, sauran jikin kuwa yana zubewa a kan idona. Zanen da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma zagaye ta sau biyu.

Nan fa shawarwari suka fara sauka. Iya, uwar maigidana da muke zaune tare, ta ce basir ne na cikin ciki, ta jiƙa sassaƙe. Gwaggona ta zo takanas daga Kwaya a kan amalanke ta ce baki ne, yarinya mai wayo haka dole a sa mata ido. Wana da ke ƙetaren iyaka ya buga waya ya ce me muke jira, mu kawo ta can. Kowa da tasa, amma akwai magana ɗaya da bakinsu ya zo ɗaya a kanta: a ba ta abin da take so, ai mara lafiya ba a matsa masa. Abin da take so kuwa kun san shi. Sai na riƙa dafa mata taliya mai laushi, ina lallashi, ina murna in ta cinye.

Sati na uku ta miƙe za ta kewaya, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Na goya ta, ƴar shekara takwas, na hau kabu-kabu. Wallahi ban ji nauyin komai a bayana ba, kuma wannan rashin nauyin shi ya fi komai tsorata ni. Duk hanya ina kai hannu baya ina taɓa ta, in ji ko tana numfashi.

A likita muka tarar da layi har bakin ƙofa, lokacin masassara ne, kowace uwa da nata a kafaɗa. Sai bayan azahar aka gan mu. Aka kwantar da ita aka sa mata ruwa. Ba ta iya cin komai, sai ruwan gishiri da sukari da romo kaɗan. Ikon Allah, sai zawon ya tsaya, idonta ya washe, har ta fara tsokanar yaron gadon kusa. Aka sallame mu, muka dawo gida muna hamdala, ƴan dubiya suka cika ɗaki da burodi da fanke. Kafin sati ya zagayo mun koma likita. Aka sake sa ruwa, ta sake farfaɗowa, muka sake dawowa gida, ta sake zubewa.

A komawa ta uku majo, wato babban malamin jinya na wurin, ya tsaya ya daɗe yana kallon ta. Ya ce, “Madam, wannan yarinyar a nan take warkewa, a gida take kwantawa. Akwai abin da ke gidanku da ba ya nan. Ku tafi Damagaram.” Allah ya saka wa mutumin nan da alheri. Amma a lokacin, wallahi, maganarsa iska na ɗauka yake nufi, har na fara tunanin wane lungu na gidan ne ba mu yi wa addu'a ba.

Maigidana yana koyarwa a wani ƙauye wajen Dungas, sai ƙarshen sati yake zuwa. Ya nemi izini ya taho, muka sayar da tunkiyata mai ciki muka hau mota. A Damagaram layin ya ninka namu. Aka ɗebi jini, aka ɗebi bayan gida, aka yi hoto, kowane da takardarsa da tagar biyansa, kuɗi na ta fita, jika tana bin jika. Wani jinin ma aka ce ba a nan ake auna shi ba, sai an aika. Muka sauka gidan wani abokin maigidana muna jira. Jiran nan ban taɓa shiga irinsa ba. Gashin Sa'ade ya yi ja yana fita a mataji, ƙafafunta suka fara kumburi, ta daina kuka ma, sai dai ta bi ni da ido. In na ga ta yi shiru da yawa sai in kira sunanta ba dalili, don kawai ta amsa.

Ranar da sakamako ya zo, lokotoro, wato dakta, ya zaunar da mu. Ya faɗi sunan cutar, seliyak, sunan da har yau bai bar kaina ba. Ya ce cikin hanjin mutum kamar tawul yake, da gashi-gashi masu tsotse abinci, ita kuwa Sa'ade jikinta ba ya shiri da alkama, duk lokacin da ta ci sai ta aske wannan gashin, abinci ya wuce kawai bai amfane ta ba. Ya tambaye ni me ta fi ci.

Maigidana ne ya ce, “Lokotoro, taliya ce sana'ar uwarta.”

Ya ajiye alƙalami. Ya ce, “Madam, ba allura, ba ƙwaya. Maganinta a tukunyarki yake. Alkama ita da ita har abada: fulawa, burodi, biskit, fanke, taliya, har dunƙulen miya na kanti sai an duba. Ba loma ba, ko ƙurarta.” Ya ce gero da dawa ba su da laifi a karan kansu, amma injin niƙan unguwa ɗaya ne, kowa da abin da yake zubawa, ga hanjinta ya yi ɗanye. Don haka a ɗauke mata hatsi gaba ɗaya tukuna, har nono, sai ya ce a dawo da su. Ta ci wake, rogo, dankali, kabewa, ƙwai, nama, ganye.

Haba! Ɗan Magariya a ce ya bar hatsi? Iya da ta ji sai ta riƙe haɓa ta ce, “To me ya rage, duwatsu?”

Na dawo na kwashe buhun fulawa na mayar wa mai kanti, na sallami masu sari, na share ɗakin sana'a har bango na goge. Na ɗauka wahala ta ƙare tunda an san cuta. Ashe yanzu aka fara. Sa'ade ta ƙi cin abinci. In kawo dankali ta juya fuska bango. In kawo faten wake ta rufe baki gam. Ƙwai ta gutsuri gefe ta ajiye. Zawo ya tsaya kam, amma me zai fita tunda ba abin da ya shiga? Na yi lallashi, na yi tsawa, har hannu na ɗaga wata rana, na ga haƙarƙarinta suna motsi a ƙarƙashin fata, na sauke hannun na fita bayan ɗaki na yi kuka.

Da na dawo ta ce da wata ƙaramar murya, “Umma, taliya. Ko sili ɗaya.”

Abin da zai kashe ta shi take roƙo na, in kuma na hana ta yunwa ta kashe ta. Na tsaya a tsakiyar ɗaki. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Ƙarshen satin maigidana ya zo ya nuna mini hoto a wayarsa, wata taliyar leda da ake kawowa daga waje don masu irin wannan cutar, ba hatsi a cikinta. Ya ce sai a Yamai, kuma kuɗin leda ɗaya ya ci tiyoyin gero. Na ce, “Malam, to da me suke yin ta in ba hatsi?” Ya karanta ya ce garin wake ne da na rogo. Na ce, “Wake? Wannan waken da ke cikin rumbu?” Ya ce shi. Na ce to in dai wake ne, ba wanda zai nuna mini murza.

Na kwance injina ƙusa-ƙusa. Mu masu taliya ba ma wanke inji da ruwa saboda tsatsa, gogewa kawai ake yi, don haka fulawar shekaru ce maƙare a haƙoransa. Na wanke shi da ruwan zafi da tsinke, na shanya a rana, na shafe da man gyaɗa. Na sayi sabon turmi da rariya, na surfa wake na shanya na daka da hannu, na daka busasshen rogo daban.

Kwaɓin farko da na sa a inji sai ya dagargaje kamar ƙasa. Na biyu ya fito sili-sili, na yi murna, yana shiga tafasasshen ruwa ya narke ya zama kunu. Na sa kuka da kanwa irin na ɗanwake, ya kama, amma ya fito kore. Sa'ade ta leƙa kwano ta ce, “Wannan ɗanwake ne aka ja shi,” ta koma ta kwanta. Yarinya tana bakin kabari amma bakin nan nata yana nan! Kowane gwaji garin da na sha wuyar dakawa ne yake tafiya, ita kuma kullum tana ƙara shigewa cikin tabarma.

Ina tsugune gaban murhu rannan, sai tunanin talge ya zo mini. Na zuba tafasasshen ruwa a garin rogon na tuƙa da sauri, ya yi danƙo yana ja. Da ya huce na zuba garin waken, na fasa ƙwai, na ɗiga mai, na murje shi sosai. Na barbaɗa garin rogo na sa a inji. Ya fito dogo, bai tsinke ba. Na jefa a ruwa, ban bar shi ya daɗe ba na tsame. Ya tsaya. Launinsa ya ɗan fi na fulawa duhu, ja-ja haka, amma taliya ce. Na zuba man gyaɗa da yajin da na daka da kaina.

Ta ɗauki sili ɗaya ta tsotsa. Ta ɗauki na biyu. Ni da Iya muna tsaye ba mai motsi. Ta ci rabin kwano ta ce, “Umma, yaji bai ji ba.” Iya ta rangaɗa guɗa, ni kuwa na zauna a ƙasa.

Daga nan sai sauƙi. Da taliyar nan na riƙa shigar mata da ƙwai da nama da zogale. Kumburin ƙafa ya saɓe, kumatu suka fara fitowa, baƙin gashi ya tsiro a ƙarƙashin jan. Bayan wata biyu ta koma lakwal, wato makaranta, da ɗan kwanonta a jaka. Duk wanda ya gan ta sai ya ce ai ta warke sarai. Wannan kalmar ta “ta warke” ku ji tsoronta.

Ana haka wan mahaifina ya rasu a Yekuwa, dole in je in zauna har sadakar bakwai. Na murza taliyar Sa'ade mai yawa, na shanya, na cika bokiti mai murfi, na damƙa wa Iya. Na ce, “Iya, daga nan kawai.” Ta ce, “Je ki abinki, ni na haifi ubanta.”

Ranar da na dawo, tun daga zaure na ji warin. Wannan warin dai. Na yar da kayana na ruga. Sa'ade tana kwance a naɗe, ciki ya tashi, ido ya faɗa, leɓe ya bushe. Iya ta ce tun shekaranjiya take zawo da amai, ta hana a kira ni ne don kada a tayar mini da hankali a gidan makoki.

Innalillahi. Wannan tsoron ya fi na farko, zan gaya muku dalili. Da can ina da abin zargi. Yanzu kuwa ba fulawa a gidana, ba burodi, ba komai, ga cuta ta dawo. Sai zuciyata ta ce lokotoro bai gano ba ke nan, wani abu ne daban yake cin ɗiyata, wanda ba shi da suna ba shi da magani, wahalar banza na yi ta sha. A kan kabu-kabu ina rungume da ita ina jin kanta yana lilo a hannuna, har na fara tunanin wa zai je ya gaya wa ubanta a ƙauye.

Aka yi ta neman jijiya da ƙyar aka samu. Majo ya kira lokotoron Damagaram a waya ya miƙo mini. Tambaya ɗaya ya yi: “Me ta ci?” Na ce taliyar wakenta. Ya ce, “Madam, koma ki duba. Ta ci alkama.” Har raina ya ɓaci, na ce a zuciyata mutumin nan yana kare maganarsa ne kawai.

Da ruwan ya fara shiga na bar ta da yayarta na koma gida. Na ɗauko bokitin na juye a faifai a tsakar gida, cikin rana. Sai ga launi biyu. Tawa ja-ja, a tsakaninta kuma wata fara tas, an kakkarya an cakuɗa.

Na ce, “Iya, wannan farar daga ina?”

Ta ce, “Au, ta Habsu ce.” Yaya Habsu maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya, mutuniyar kirki. Bayan tafiyata ta aiko aron inji za ta yi wa baƙi taliya, Iya kuma ta ba ta, don a unguwarmu ba a hana aro. Injin nan ya zaga gidaje fiye da yadda zan ƙirga. Kuma ba a mayar da kayan aro hannu sake, sai an ɗora wani abu a kai. Da Yaya Habsu ta gama, sai ta maido shi da cikin kwano na taliyar da ta murza, alheri ta yi.

Na ce, “Iya, ai ta fulawa ce!”

Ta ce, “Na sani, Rabi. Shi ya sa ban dafa mata ita zalla ba. Na watsa ta cikin mai yawa ne ta ɓace. Abin maƙwabci a zubar? Kuma yarinya ta warke, kowa ya gani.”

Maganganu suka cika mini baki, masu zafi. Amma uwar mijina ce, da hannunta ta yi mini wankan jego sau uku. Na haɗiye su. Abin da na iya cewa kawai, “Iya, zo mu je ki gan ta.” Muka je. Ta tsaya a bakin gado ta ga allura a bayan hannun jikarta, ta ga yadda fatar ta manne da ƙashi. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna girgiza. Yaya Habsu ma ta zo tana kuka tana cewa da ta sani. Na ce mata ba ta yi laifi ba, kuma har zuciyata haka ne.

Wannan karon tashin ya yi wuya, mun fi sati biyu a kwance, sai da zobena ya bi tunkiya. Ina godiya ga ma'aikatan da suka tsaya a kanta, ko da yake har yau ina jin haushin yadda za a gaya wa uwa “kada ta ci kaza” a sallame ta, ba wanda zai zauna da dangi ya fahimtar da su. Ni da ubanta kaɗai aka yi wa bayani, alhali yaro ba uwarsa kaɗai ke ba shi abinci ba. Don haka in Allah ya jarrabe ku da irin wannan, ku tara kowa, kaka da gwaggo da maƙwabta, ku faɗa musu ƙiri-ƙiri: kaɗan ma cuta ce, cakuɗawa ba ta ɓatar da ita, kuma kumatu ba shaidar warkewa ba ne. Injina na sake kwance shi na wanke, yanzu yana cikin akwati da kwaɗo. Mata biyu sun aiko aro na ce a'a. Na ji ana cewa Rabi ta koyi rowa. Oho.

Da muka dawo gida, Sa'ade ta fara zama da kanta, ta fara neman abinci. Wata rana da hantsi ina daka wake, tana zaune a inuwa, sai Iya ta fito daga ɗakinta da ɗan kwano. Dankali ta dafa mata, ta ɓare shi tsaf, ta yayyanka. Dama su biyun abokan wasa ne, kullum suna tsokanar juna, a kwano ɗaya suke ci tun Sa'ade tana rarrafe. Iya ta durƙusa ta miƙa mata ta ce, “Ungo, ƙawata, ki yi ƙiba ki daina ba ni kunya.”

Sa'ade ba ta miƙa hannu ba. Ta kalli kwanon, ta kalli kakarta, ta ce a hankali, “Iya, bari Umma ta gani tukuna.”

Taɓaryar ta tsaya a hannuna. Na jira Iya ta yi fushi, ko ta mayar da abin wasa. Sai ta dafa gwiwa ta miƙe, ta tako har bakin turmi, tsohuwar da ta koya mini tuƙin tuwon gidan nan, ta miƙo mini kwanon da hannu biyu.

Ta ce, “Rabi, duba mata.”

Dankali ne kawai, ba komai a ciki. Na duba ɗin, don yarinyar tana kallo. Na ce, “Ci, Sa'ade.” Sannan ta karɓa.

Yanzu shekara ta zagayo. Lokotoro ya dawo mata da gero, in dai a turminmu aka daka, ta yi tsawo, ta fi ƴan ajinsu gudu. Alhamdu lillahi, ɗiyata tana raye. Amma har yau ba ta karɓi loma daga hannun kakarta ba sai ta waiwayo ta kalle ni.